Iskar Shiƙa da Babi na Biyu

Da kaka a Dabai, bayan an ɗaure dawa dami-dami an yi sussuka, sai aiki ya koma hannun mata. Na sha tsayawa ina kallon wata gwaggona. Takan cika ƙwarya, ta ɗaga sama da kafaɗa, sannan ta tsaya cik. Iska take jira. Da ta kaɗa, sai ta tsiyayo hatsin a hankali: tsaba ta faɗo cikin masaki, ƙaiƙayi ya bi gefe. In iska ta ɗauke, ita ma ta dakata, don ta san duk abin da ta zuba wuri guda zai sauka.

Ita na tuna ranar da wani ƙanena mai digiri na biyu ya kawo mini babinsa na biyu, wato bitar ayyukan magabata. Bincikensa a kan ƙudujin da ke kashe dawa a gonakin ƙasar Zuru ne, amma ya faro daga tarihin noma a duniya. Shafi arba'in, wane ya ce, wane ma ya ce. Yaron ya yi karatu, wallahi, abin har ya ba ni tausayi. Dami ya ɗauko da kara da zangarniya ya dire.

Na ce, "Ƙanena, me kake son ganowa? Faɗa mini da baki."

Ya yi jim, sannan ya ce, "Yaya, so nake in san ko haɗa dawa da wake na rage ƙuduji."

To, ga iskarsa nan. Tambayar bincike ce ke raba tsaba da ƙaiƙayi. Duk maƙalar da ka karanta, ka tambaye ta: a wace ƙasa aka yi gwajin, da wane iri, damina nawa, ina ta saɓa da ta gabanta? Wadda ba ta taɓa tambayarka ba, komai sunan marubucinta, bar ta ta bi gefe. Nan ne wuyar take, don mutum ba ya son zubar da abin da ya hana idonsa barci a kai.

Tun da aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru a 2020, yaranmu masu hanƙoron bincike sai ƙaruwa suke yi, kuma ina so a koya musu wannan tun kafin su kai Sakkwato ko Zariya neman babban digiri.

Bayan mako uku ƙanen nawa ya dawo da shafi goma sha biyar. Jimlar farko a kan ƙuduji take.