Fenti Ba Ya Riƙe Rai

Ɗana, matso kusa ka ji. Ina ganinka da sassafe kana fito da motarka daga lungun Ɗan Iya, iyali a baya, ka miƙi hanyar Jos ko ta Gombe. Allah ya tsare. Amma akwai ranar da babu mai fatan zuwanta, ranar da za a buge ka ko ka bugi wani. Maganata a kan abin da ke biyo bayan wannan rana ce.

Fara da sanin takardar da ke hannunka. Inshorar da doka ta wajabta, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun 1 ga Janairun 2023, ba motarka take gyarawa ba. Ta wanda ka buga ce, kuma iyakarta a ɓarnar dukiya naira miliyan 3. Mai ɗaukar nauyin gyaran taka ita ce cikakkiyar inshora, ko takaful ga wanda hankalinsa ya fi kwanciya da shi. A nan ne kamfani kan ce: "Kai ta garejin da muke hulɗa da shi." A garinmu kuwa, abin da ya fi yawa shi ne sulhun bakin titi, wanda ya buge ka ya dafa kafaɗarka ya ce: "Yi haƙuri Alhaji, mu je wajen bakanikena, ni zan biya."

Duk biyun hali ɗaya ne: mai biya daban, mai hawa daban. Ban ce kowane gareji irin wannan maha'inci ba ne, akwai masu tsoron Allah da yawa. Sai dai ka duba matsayin mai garejin. Kai sau ɗaya ka zo, shi kuwa mai biyan kullum yana turo masa aiki, kuma an riga an tsuke masa farashi. Idan kuɗi ya gaza, ba a fenti za a rage ba, domin ido na ganinsa. A inda ba ka gani za a rage.

Shasin motar zamani an yi shi ne ya lanƙwashe a wasu wurare don ya shanye duka, ɗakin da mutane ke zaune kuma ya tsaya da ƙarfinsa. Idan mai walda ya gasa wannan ƙarfe da wuta ya miƙar da shi da guduma, surarsa ta dawo, ƙarfinsa bai dawo ba. Haka jakar iska: in ta fashe, wani sai ya manne murfin sitiyari, mai rewaya ya kashe fitilar gargaɗi, ciki wayam. Bel ɗin da ya ɗaure lokacin hatsari shi ma sauyawa ake yi, ba a lallaɓa shi. Duk wannan fila da fenti na iya rufewa, har sai ranar da ka yi kiciɓis da tirela tsakanin Nabordo da Toro.

Kada ka ɗauka a nan kaɗai ake yi. A jihar Texas ta Amurka, ƙanƙara ta lalata rufin wata Honda Fit ƙirar 2010, wani gareji ya manne sabon rufi da gam maimakon waldar da kamfanin Honda ya tanada. Wasu ma'aurata suka sayi motar ba su sani ba. A 2013 aka yi karo da su, motar ta murƙushe ta kama da wuta, suka ji munanan raunuka. A 2017 kotu a Dallas ta yanke diyyar kusan dala miliyan 42, kashi 75 cikin ɗari a wuyan garejin. Shekara da watanni wannan mota tana sheƙi a kan titi, babu wanda ya ga aibinta.

To, ga abin da nake so ka riƙe. Tun ranar yankar inshora ka tambaya ko kana da ikon zaɓar garejinka, a nuna maka a rubuce. Idan hatsari ya auku, ɗauki hotuna kafin a taɓa komai. A rubuta maka kowane kayan gyara: sabo ne, ɗan Beljiyam ne, ko na kanti mai araha? Ka leƙa garejin kafin a shafa fila, tare da bakaniken da ka yarda da shi, wanda ba ya cin komai a hannun mai biya. Ka ce a ajiye maka tsofaffin kayan da aka cire. Ranar karɓa, murɗa makulli: fitilar jakar iska ta kama na ɗan lokaci sannan ta mutu, in ba ta kama ba sam, ko ta ƙi mutuwa, akwai magana. Hau titi ka ji ko tana ja gefe ɗaya. Kada ka sa hannu a takardar sallama sai ka gamsu, in kamfani ya yi maka kunnen ƙashi kuma ka kai kuka NAICOM.

Na san abin da zai kama ka: kunya. Za ka ce mutum ya ba da haƙuri, ya biya, yaya zan tsananta? Yafe masa kuɗin fenti in ka so, wannan haƙƙinka ne, kuma lada ne. Amma birki, ƙafa, shasi da jakar iska ba naka ne kai kaɗai ba, akwai haƙƙin matarka, da 'ya'yanka, da wanda zai sayi motar bayanka. Wannan ba ka da ikon yafe shi.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.