ZATO DA AMANA: Wa'azi a kan Luka 3:10-14



A cikin Bisharar Luka, sura 3, mun ji yadda jama'a suka yi ta tururuwa zuwa Kogin Urdun domin Yohanna ya yi musu baftisma. A cikinsu akwai masu karɓar haraji da sojoji, wato mutanen da talaka ya fi tsoro, ya kuma fi ƙi a wancan zamani, saboda sun saba cin zalinsa da sunan hukuma. Da suka tambayi Yohanna abin da ya kamata su yi, bai ce su ajiye aiki ba. Masu haraji ya umarce su da tsayawa kan abin da aka ƙayyade musu. Sojoji kuwa ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce su wadatu da albashinsu.

Wannan karatu kamar dominmu aka rubuta shi. Direba ya hango shingen 'yan sanda, sai gabansa ya faɗi, hannunsa ya nufi aljihu. Ɗan sanda ya ga saurayi riƙe da waya mai tsada, sai ya ɗauke shi ɓarawo. Manomi yana zargin makiyayi, makiyayi yana zargin manomi, sanarwar gwamnati kuma ana jinta da kunne ɗaya. A watan Oktoba na 2020 wannan rashin yarda ya fito fili, lokacin da matasa suka cika tituna har aka rusa rundunar SARS ranar 11 ga watan.

Ba a banza tsoro ya shige mu ba. A farkon 2020 aka sace ɗalibai huɗu daga makarantar horar da firistoci ta Good Shepherd a Kaduna, aka kashe ɗayansu, Michael Nnadi. A watan Janairu na 2023 aka ƙone Fada Isaac Achi a gidansa da ke Kafin Koro, cikin Dayosis na Minna. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ubangijinmu da kansa ya gargaɗi almajiransa su zama masu lura a cikin duniya mai haɗari (Matiyu 10:16). Sai dai lura dabam, zato dabam. Mai lura yana kulle ƙofarsa, yana kai rahoton abin da idonsa ya gani. Mai zato kuwa ya riga ya yanke wa mutum hukunci saboda harshensa, ko rigarsa, ko sunansa.

Doka ta takwas ta hana shaidar zur, kuma Katekism na Ikklisiyar Katolika, a sakin layi na 2477 da 2478, ya sa gaggawar yanke hukunci cikin laifuffukan da wannan doka ta hana. Hausawa ma sun ce zato zunubi, ko da ya zama gaskiya. Ku tuna da Susana a Littafin Daniyel, sura 13. Dattawa biyu masu alƙalanci suka ƙulla mata sharri, jama'a suka gaskata su saboda furfurarsu, har aka nufi wurin kisa da ita. Yaro Daniyel ne ya tsai da taron. Ya raba dattawan, ya tambayi kowanne a ƙarƙashin wane itace ya gan ta, sai bakinsu ya saɓa. Tambaya ɗaya tak ta ceci ran marar laifi.

A Sakkwato, cikin watan Mayu na 2022, taro ya kashe wata ɗaliba Kirista bisa zargin ɓatanci, ba a kai ta gaban alƙali ba. A Uromi ta Jihar Edo, cikin watan Maris na 2025, aka kashe matafiya 16 'yan Arewa bisa zargin cewa masu garkuwa da mutane ne. A wuraren nan biyu an rasa Daniyel. Idan mun yi kukan na farko, muka yi shiru a kan na biyu, to, ashe ɓangarenmu muke yi wa kuka, adalci bai dame mu ba. Jinin Habila bai ambaci ƙabila ba sa'ad da ya yi kuka ga Allah.

Yanzu bari in juyo gare ku, 'yan'uwanmu masu ɗamara da ma'aikatan hukuma, waɗanda muke karɓar Jikin Kristi tare da ku a bagade ɗaya. Mun san wahalarku. Mun san ƙarancin albashi da halin da barikoki suke ciki, mun kuma yi jana'izar abokan aikinku da suka mutu suna kare mu. Waliyi Bulus ya koyar a Romawa 13 cewa mai mulki bawan Allah ne domin amfanin jama'a. Bawa kuwa dole wata rana ya ba da lissafi ga ubangidansa. Amana bashi ce a wuyanku, ba a samunta da bakin bindiga. Tsarin Mulki na 1999 ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar da laifinsa, ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar shari'ar laifuffuka ta 2015 ta hana a kama wani a madadin ɗan'uwansa. Dokar 2017 ta haramta azabtarwa. Beli kuma kyauta ne. Duk ranar da kuka kiyaye waɗannan, kun cika umarnin Yohanna. Duk ranar da kuka karɓi abin hannu kuka saki mai laifi, kun rufe bakin shaidu goma, domin wanda ya kai rahoto ya ga ɓarawon ya riga shi dawowa gida ba zai ƙara zuwa caji ofis ba.

Girmama hukuma bai hana Kirista neman hakkinsa ba. A Filibi an yi wa Bulus da Sila bulala, aka jefa su kurkuku ba shari'a. Da gari ya waye aka aiko a sallame su a ɓoye, Bulus ya ƙi fita sai da mahukuntan suka zo da kansu (Ayyukan Manzanni 16). Bai ƙone kurkukun ba, bai kuma ba mai gadi toshiya ba. Doka ya riƙa, ya tuna wa masu doka da ita.

To, mu me za mu yi? Da fari, kada mu tura wani labari a WhatsApp sai mun tabbatar da tushensa, domin magana zarar bunu ce. Na biyu, idan an kama wani ana ihun ɓarawo, mu tsaya tsakani, mu miƙa shi ga hukuma da ransa. Na uku, mu daina miƙa cin hanci, gama mai bayarwa da mai karɓa tafiyarsu ɗaya. Tun 1998 Bishop-Bishop ɗinmu suka ba mu addu'ar yaƙi da cin hanci da rashawa. Na huɗu, wanda aka tsare masa ɗan'uwa ba bisa ƙa'ida ba, ya nemi ofishin Adalci, Ci Gaba da Zaman Lafiya na dayosis, kada ya ɗauki doka a hannunsa. Wanda kuma ya ga laifi da idonsa, ya daure ya ba da shaida.

Kada wani ya ce amana ta ƙare a ƙasar nan. A watan Yuni na 2018, a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum sama da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tare maharan a bakin ƙofa. Waɗanda suka gudu wurinsa sun amince da shi, shi kuma ya riƙe amanar da ransa.

Bari Ubangiji Yesu, wanda aka kama shi da dare, aka kawo masa shaidun ƙarya, alƙali kuma ya wanke hannu ya ba da shi, ya tsarkake zukatanmu daga mugun zato, ya ba shugabanninmu da masu tsaronmu tsoron Allah. Uwarmu Maryamu, Sarauniyar Nijeriya, ta yi roƙo dominmu.

Da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Amin.