Tarihi da Safe, Kurɓa da Rana

Manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido da ke yada zango a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu suna da wani tsari da suke sayar wa fasinjojinsu. Jirgi ya tsaya da safe, motoci su kwashi baƙi zuwa tsohon sansanin da Turawan Holan suka gina tsakanin 1666 da 1679, a nuna musu ganuwa da igwa. Daga nan a wuce da su gonakin inabi na Constantia, su ɗanɗana giyar wurin, a maido su kafin la'asar, don jirgi ba ya jiran kowa. A takardar talla abin kashi biyu ne: tarihi da safe, kurɓa da rana.

Agogo ne ya yi wannan rabon. Gonar Groot Constantia, Gwamna Simon van der Stel ne ya kafa ta a 1685, kuma da gumin bayi aka noma ta, mutanen da aka kwaso daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indonesiya, cikinsu har da Musulmi. Sai a 1834 aka soke bauta a yankin. Wato abin da baƙo yake ɗagawa a kofi da rana ci gaban darasin safe ne, sai dai ba kowane jagora ne zai faɗi haka daidai lokacin da ake shirin ciniki ba.

Mu a Arewa, yankin Dogon Dutsi, ba mu da teku, amma muna da baƙon da agogo ke kora. Motocin da ke tasowa daga Yamai zuwa Maradi da Damagaram duk ta Dogon Dutsi suke bi. Fasinja ya sauko, ya yi alwala, ya sayi nama ko damammiyar fura, ya ɗaga kai ya kalli dutsen da garin ya ci sunansa, direba ya danna oda, shi ke nan. Gobe idan aka yi zancen Arewa zai ce ai ya san ta. Mukan yi wa Bature dariya cewa ya ga Afirka cikin yini guda, alhali shi ko ba komai an kai shi gaban ganuwa.

Da fasinjan nan zai kwana, ya bar kwalta ya nufi Lugu, cikin ƙasar Dankasari, da ya taka inda Sarauniya Mangu da mutanenta suka tari rundunar Turawan Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899. Yawancinmu ta littafin Abdoulaye Mamani na 1980, ko fim ɗin Med Hondo na 1986, muka san labarin, kuma abin da ya zauna mana a kai shi ne kibau da asiri da jarumtar mace. Akwai ɓangaren da ba a cika tsayawa a kansa ba: me rundunar take ci? Ayari ne mai ɗaruruwan sojoji da 'yan dako da mata da dabbobi, ba shi da guzurin da zai kai shi Tafkin Cadi. Rumbunan mutane ya riƙa fasawa, yana kwashe gero, yana kora shanu, garin da ya hana a cinna masa wuta. Haka suka bi har Birnin Ƙonni a watan Mayu, kafin sojojin su juya wa Voulet da Chanoine baya su kashe su a Yuli, can wajen Maijirgi.

To, geron da aka dama wa fasinja a tasha, irinsa ne aka yi wannan ta'asa a kansa. Da shi Azna, masu addinin gargajiya, ke dafa giyar bukukuwansu, da shi Musulmi ke fid da zakka, shi ake ba baƙo tun kafin a tambaye shi daga ina. Wanda ya sha furar wannan yanki ba a gaya masa wannan ba, an shayar da shi ne kawai.

Yau rashin tsaro ya rage baƙin waje, saboda haka idan za a yi irin wannan yawo a Arewa, 'yan makaranta da matafiya na gida ne za su cika motar. Ni da za a ji tawa, sai a fara daga gindin rumbu a Matankari, a sha fura nan, mai bayani ya ƙirga wa yara dami nawa gida ɗaya ke ci daga kaka zuwa kaka, sannan a kama hanyar Lugu. Can kuma ba kufai ba ne. Har yanzu akwai Sarauniya a kan gado, akwai Tunguma, dutsen da ake kai wa shari'a, akwai wuraren da ba a shiga da abin da ba a ɗauka hoto. Sai an aika tun da wuri an nemi izinin dattawan garin, su kuma su faɗi ranar da ta yi musu.