Shekarun Haihuwa Da Shekarun Kasuwa



Cikin tambayoyin da masu saurare suka fi aiko mana a shirye-shiryen matasa akwai wannan: a shekara nawa ya fi dacewa mutum ya fara kasuwanci? Masu tambayar iri biyu ne. Akwai saurayin da ya gama jami'a a Yamai ko Maraɗi, ya shekara biyu yana yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan, yana jin lokaci na wuce shi. Akwai kuma magidancin da ya ba arba'in baya, ko ma'aikacin da ritaya ta ƙarato masa, yana fargabar ko ya makara. Na farko so yake a ce masa ya fara yau, na biyu so yake a ce masa da sauran lokaci. Kowa kuma da karin maganarsa a baki. Mai gaggawa ya ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, mai jinkiri ya ce sannu ba ta hana zuwa.

A ganina kowane ɗan kasuwa shekaru biyu gare shi. Akwai shekarun haihuwa, waɗanda ke rubuce a takarda, akwai kuma shekarun kasuwa, wato tsawon lokacin da ya yi yana gani da idonsa yadda ake saye, yadda ake sayarwa, yadda ake ba da bashi, da yadda ake faɗuwa. Kasuwa da na biyun take aiki. Ɗan shekara 22 da ya tashi a rumfar kawunsa tun yana goma sha biyu, dattijo ne a kasuwa. Ɗan shekara 55 da ya fito daga ofis jiya da kuɗin sallama a hannu, jariri ne, ko da furfura ta cika masa kai.

Mu dubi Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin Agalawa, gidan fatake. Tun yana matashi ya bi hanyar Gwanja har Ankara, ya shiga fataucin goro. Lokacin da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Kano da Ikko a 1912, cinikin gyaɗa ya buɗe, shekarunsa 35 a duniya, amma ya riga ya kwashe wajen shekara ashirin a kan hanya. Ya san dillalai, ya san wanda za a ba kuɗi ya shiga ƙauye ya dawo da kaya, ya san wanda in an ba shi sai dai labari. Gyaɗar ta zo wa kowa a Kano rana ɗaya, amma wanda ya shirya ne ya kwashe ta. A 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, raƙuma ashirin ne suka kai masa kuɗinsa na azurfa ajiya. To, a shekara nawa za mu ce Ɗantata ya fara? In koyo ake nufi, tun yana yaro. In babbar harka ake nufi, sai da ya doshi arba'in.

Tattaɓa-kunnensa Aliko Dangote shi ne misalin da matasa suka fi so. Sukan ce ai yana ɗan shekara 20 ya fara, a 1977. Gaskiya ne. Sai dai a gidan kakansa Sanusi Ɗantata ya tashi, tun yana firamare yake sayen alawa yana sayarwa, jarin farko kuma rance ne daga dangin mahaifiyarsa, mutanen da suka san shi kuma suka san kasuwa. Kamfanin simintinsa na Obajana bai tashi ba sai yana kusan 50, matatar man da ya gina a Ikko kuma an ƙaddamar da ita a 2023, yana da 66. Duk wanda ya ɗauki shekara 20 ɗin ya bar sauran labarin, ya ɗauki rabin gaskiya.

Ko a Amurka, inda ake ta ba da labarin Mark Zuckerberg da ya kafa Facebook a 2004 yana ɗan shekara 19, lissafi ya nuna wani abu dabam. Pierre Azoulay na jami'ar MIT da abokan aikinsa sun bincika bayanan mutum miliyan 2.7 da suka kafa kamfanoni, suka fitar da sakamako a 2018. Matsakaicin shekarun masu kafa kamfani 42 ne, na waɗanda kamfanoninsu suka fi saurin bunƙasa kuwa 45. Sun kuma gano cewa wanda ya yi aƙalla shekara uku yana aiki a fannin da ya buɗe kamfaninsa ya fi wanda ya shigo daga waje damar yin nasara nesa ba kusa ba. Abin da Bature ya auna da kwamfuta, shi ne abin da Alhazan Maraɗi suka daɗe suna yi ba tare da sun rubuta ba.

A Maraɗi, yawancin manyan 'yan kasuwar da suka yi suna a zamanin gyaɗa da bayansa, barori ne na wasu kafin su zama iyayen gida. Bara yana yi wa ubangidansa awo, ya raka kaya zuwa Ɗan Isa da Jibiya, ya karɓo bashi, ya kwana a tasha. Da dukiyar wani yake koyon kuskure, a ƙarƙashin idon wanda zai tsawata masa kafin kuskuren ya yi girma. In ubangida ya ga ya nuna, sai ya ba shi kaya bashi ko ya yanka masa jari. Abin da baran nan ya fita da shi wanda ya fi jarin daraja shi ne suna. Ana iya ba shi kayan miliyoyin sefa a kan kalmar bakinsa kawai.

Wannan kuwa tsohuwar hanya ce. Manzon Allah (SAW) ya bi baffansa Abu Ɗalib fatauci zuwa Sham tun yana yaro, sannan yana ɗan shekara 25 Nana Khadija (RA) ta danƙa masa dukiyarta. Kafin dukiyar ta zo, mutanen Makka sun riga sun sa masa suna Al'amin. Amana ce ta jawo jari.

Me ya sa daɗewa a kasuwa take da wannan nauyi? Domin akwai darasin da ba a koyonsa sai an gani. Wanda ya ga Janairun 1994, ranar da aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta, ya san abin da ake nufi da cin bashi da kuɗin waje. Wanda ya ga Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, ya sake ganin an rufe ta a 2023, ba zai ƙara zuba dukkan abin da ya mallaka a mota ɗaya mai bin hanya ɗaya ba. Haka mai harkar albasar Galmi. Kowa ya san tana arha lokacin da ake cire ta, ta yi tsada bayan wasu watanni. Amma nawa za ta ruɓe a ajiya, yaushe ya kamata a fitar, wa za a ba a Ankara ko Abijan ya dawo da kuɗi, wannan sai wanda ya shekara yana shaƙar warinta.

Na san abin da saurayi zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Zai ce a ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, gwamnati ba za ta iya ɗaukar kowa aiki ba, ce masa ya jira daidai yake da ce masa ya zauna a fada yana shan shayi. Zai ƙara da cewa yanzu ne ba shi da mata, ba shi da 'ya'ya, in ya faɗi shi kaɗai ya faɗi. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ita ce babbar ribar ƙuruciya. Ban ce ya jira ba. Cewa na yi ya shiga yau, amma ta ƙofar koyo, ko da ɗan jarin da in ya narke ba za a fasa ɗora tukunya a gidansu ba. Jika hamsin da ya tara daga kabu-kabu ko adashe, in ta salwanta, kuɗin makaranta ya biya.

Inda maganar ta zama ta hakki shi ne nan: in an faɗi, a kan wa za a faɗa? Sau da yawa yaro kan matsa wa uwa ta sayar da shanunta, ko uba ya jinginar da gonar gado, don ya buɗe shagon da bai taɓa kwana ɗaya a irinsa ba. In abin ya rushe, shi yana da ƙarfin da zai tafi Libiya ko Aljeriya ya sake nema, tsohuwar kuwa ba ta da sauran shekarun da za ta sake tara garke. Haka dattijon da ya karɓi kuɗin ritayarsa ya sayi motar haya don ya ga maƙwabcinsa na samu. Kuɗin nan abincin iyali ne na sauran rayuwa. Shi ma bai makara ba, amma girma ba ya ɗauke masa zaman koyo. Ya sauke kai ya zauna wajen wanda ya sani, ko da sa'an ɗansa ne, ya fara da kashi kaɗan ya ajiye sauran.

Akwai gyara biyu da ya kamata a yi wa wannan magana, don kada a ɗauke ta a kai ta inda ban aike ta ba. Na farko, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wannan bai halatta a cire yarinya 'yar shekara tara daga aji a ɗora mata tiren talla har dare ba. Kasuwar yau tana son mai iya karatu da lissafi, mai iya duba saƙon kuɗi a waya. Yaro ya je makaranta, ya zauna rumfa ranar hutu. Na biyu, iyayen gida su ji tsoron Allah. Akwai masu riƙe yaro shekara goma sha biyar, ya yi aure ya haifu yana jiran sallamar da ba ta zuwa. Irin wannan ne ke sa matasa gudun zama ƙarƙashin wani, su gwammace su faɗa kasuwa da ka. Ubangidan da bai yaye kowa ba, ya ci amanar tsarin da ya yi shi.

Saboda haka mai tambaya, kafin ka ƙirga shekarunka, amsa wa kanka abu uku. Damina nawa ka yi a cikin wannan sana'a kana gani, har ka ga shekarar riba ka ga ta asara? Mutum nawa ne a kasuwar za su ba ka kaya ba tare da ka ajiye komai ba? In jarin ya ƙone ƙurmus, wa zai kwana da yunwa, kuma ya sani ya yarda? Ranar da amsoshin nan suka kwantar maka da hankali, lokacinka ya yi, ko kana da 19 ko kana da 60. In kuwa ba su yi ba tukuna, gobe da safe ka nemi rumfar wanda ka yarda da gaskiyarsa, ka yi sallama, ka ce ka zo koyo.

Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare mu da cin hakkin wani.