SHIN NEMAN IZININ GINI WAJIBI NE A KAN MUSULMI?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu gine-gine a biranenmu. Mutum ya sayi fili da guminsa, ya tara bulo da yashi da siminti, sai a ce masa kada ya haƙa harsashi sai ya karɓo takardar izini daga hukumar tsara birni. Nan take sai ka ji ya ce, "Filina ne, kuɗina ne, ina ruwan wani? Wannan ai dokar Nasara ce, babu ita a littafi." Wani ma ganin yake kauce wa dokar ba ya cikin abubuwan da ake yi wa tuba. Wannan ita ce mas'alar da za mu duba a wannan mako.

Da farko ya kamata mu san abin da hukuma take nema. Tun daga 1978 dokar ƙasa ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana domin jama'a, sa'an nan dokar tsara birane ta 1992 ta ce kada a ta da gini sai da izinin hukumar da aka ɗora wa wannan aiki. A Kano ana kiranta KNUPDA, a Kaduna kuwa KASUPDA, haka sauran jihohi kowace da tata. Galibi abin da ake buƙata shi ne takardar shaidar mallakar fili, da takardar awo mai nuna iyakokinsa, da zanen gidan daga hannun masanin zane. In bene ne a haɗa da lissafin injiniya, watau yawan rodi da kaurin ginshiƙi da zurfin harsashin da za su ɗauki nauyin. Sai ma'aikata su duba ko an bar tazara tsakanin gini da titi, ko an hau magudanar ruwa, ko an shiga ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko taga da masai suna inda ya dace.

To, duk wanda ya karanta waɗannan sharuɗɗa da idon basira zai ga kusan kowane ɗaya an yi shi ne domin wani mutum wanda ba mai gidan ba: maƙwabci, da mai wucewa, da ɗan haya, da leburan da zai hau bisa, da yaron da zai kwana a ɗakin bayan shekara 20. Waɗannan mutane ba sa nan ranar da ake ciniki da magini, ba su da bakin magana. Takardar izini, in an yi ta bisa gaskiya, ita ce wakiliyarsu.

Shari'ar Musulunci kuwa ta riga kowace hukumar zamani tsayawa a kan haƙƙin waɗannan mutane. Duk almajirin da ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wurin da malam Ibnu Abi Zaid ya kawo ƙa'idar hana cuta da cutarwa, ya kuma buga misali da gini: ba a yarda mutum ya buɗe tagar da za ta tona asirin maƙwabci ba, ko ya fasa ƙofa daura da ƙofarsa, ko ya yi haƙan da zai cuce shi, ko da kuwa a cikin mallakarsa yake haƙan. A lura da wannan ƙarshen da kyau, domin shi ne amsar mai cewa "filina ne". Mallaka a Musulunci tana da iyaka, iyakarta kuwa ita ce inda cutar wani ta fara.

Haka kuma Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (S.A.W.) ya yi hukunci, in mutane suka yi sabani a kan faɗin hanya, a bar mata zira'i 7, watau wajen mita 3 da rabi. Sun kuma ruwaito gargaɗinsa cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa bisa zalunci za a rataya masa shi a wuya ranar Alƙiyama har ƙasa bakwai. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu cewa an la'anci mai canza alamar iyakar ƙasa. Wanda ya tura katangarsa kamu ɗaya cikin lungu, ko ya kafa matakala da dakali a kan titi, ko ya tumɓuke dutsen awo da dare, sai ya auna kansa da waɗannan hadisai. Cin haƙƙin mutum ɗaya da sauƙi, domin ana iya zuwa a roƙe shi gafara. Amma hanya ta jama'a ce duka, wanda ya ci ta, wa zai nema ya yafe masa?

Masu cewa neman izini baƙon abu ne, sai su duba tarihin birnin Kufa, wanda aka kafa a shekara ta 17 bayan Hijira, daidai da 638, zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi. Malaman tarihi sun ce da fari mutanen sun yi gidajen kara, sai gobara ta cinye su. Ba su kama gini da tubali ba sai da suka aika Madina neman izini. Umar ya ba su, amma da sharaɗi: kada mutum ya wuce ɗaki 3, kada kuma a yi gasar tsawon gini. Aka kuma auna hanyoyi tun kafin a raba filaye: manyan tituna zira'i 40, masu bi musu 30, sai 20, lunguna kuwa 7. An kuma ruwaito cewa da wani sahabi ya gina bene a Masar, aka kai ƙara cewa yana leƙa gidajen mutane, Umar ya rubuta wa gwamnansa Amru ɗan Asi a ajiye gado a gindin tagar, mutum ya hau ya tsaya, in yana hango cikin gidan maƙwabci a toshe ta. Daga baya wani magini na birnin Tunis mai suna Ibnur Rami, wanda ya rasu a 1334, ya tara littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini bisa mazhabar Maliku, domin alƙalai sukan aike shi ya duba gine-ginen da ake jayayya a kansu. A ƙasar Hausa ma, baƙo bai taɓa sauka gari ya kafa tubali haka kawai ba. Sai ya bi ta hannun mai unguwa da dagaci an nuna masa wuri, manyan birane kuwa suna da Sarkin Magina mai lura da sana'ar.

Saboda haka hukuncin a fili yake. Allah Maɗaukakin Sarki, a cikin Suratun Nisa'i aya ta 59, ya umarci muminai da yi masa ɗa'a, da yi wa Manzo ɗa'a, da ma'abota al'amari daga cikinsu. Malamai sun bayyana cewa in shugaba ya kafa doka a kan abin da yake halal domin maslahar jama'a, babu saɓon Allah a cikinta, to binta ya zama wajibi. Dokar gini tana cikin wannan babi. Mutum ɗaya ba ya iya ganin gari duka. Shi dai yana ganin kududdufi ne wanda in ya cike zai sami fili, bai san cewa nan ne ruwan unguwa uku yake taruwa da damina ba. Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ruwan ya rasa mazauni ya faɗa ɗakunan bayin Allah waɗanda ba su ci ba ba su sha ba. Unguwanni nawa ne aka yanka da awon igiya, ba a bar hanyar da motar kashe gobara za ta shiga ba, wani lungun ma da ƙyar ake fitar da makara? Gidaje nawa ne aka haƙa masai a jikin rijiyar maƙwabci, daga baya amai da gudawa ya shigo, aka ce annoba ce daga Allah? Lalle komai da ƙaddarar Allah yake, amma wanda ya haƙa ramin ba zai kuɓuta da wannan hujja ba.

Abin ya fi muni in aka zo ga bene. A watan Maris na 2019 wani bene ya rufta a unguwar Ita Faji ta Legas, ana zaune a ƙasansa, akwai makarantar yara a samansa, mutum 20 suka rasu. Ran 1 ga Nuwamba 2021 wani dogon bene mai hawa 21 da ake kan ginawa a Ikoyi ya zube, ya kashe fiye da mutum 40, yawancinsu leburori masu neman abin sawa a baka. A watan Yuli na 2024 ginin wata makaranta ya faɗo a Jos, rayuka 22 suka salwanta. Malaman Malikiyya sun ce in katangar mutum ta karkata, aka yi masa gargaɗi, yana da halin gyarawa bai gyara ba, har ta faɗa wa wani, to shi ne da lamuni. Ina kuma ga wanda tun farko ya rage rodi, ya tsawaita buhun siminti, ya ɗora hawa uku a kan harsashin hawa ɗaya, yana sane?

Amma fa adalci ya sa mu saurari kukan talaka, domin kukansa yana da tushe. Yakan ce kuɗin takarda da na zane sun fi ƙarfinsa, in ma ya biya sai a yi ta yi masa jeka-ka-dawo wata da watanni, siminti yana ƙara tsada, mai gidan haya yana matsa masa, har sai ya gane cewa fayil ɗinsa ba zai motsa ba sai an ga na goro. Yana kuma kallon mai hali ya gina shaguna a kan magudanar ruwa ko filin makaranta ba wanda ya ce masa uffan, alhali shi ɗaki biyu ya yi aka shafa masa jan fenti. Wannan zalunci ne, kuma shi ya sa mutane da yawa suka ɗauki dokar tamkar tarko.

A nan tilas a rarrabe abu biyu. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Malamai da yawa sun yi sassauci ga wanda ya cika dukan sharuɗɗa, aka danne masa haƙƙinsa, ya bi duk hanyar ƙara bai sami mafita ba, har ya bayar bisa tilas yana ƙin abin a zuciyarsa. Suka ce zunubin yana kan mai karɓa. Amma wanda ya ba da kuɗi domin a rufe ido a kan shiga hanya, ko a sa hannu a kan zanen da ba shi za a gina ba, wannan ba ya cikin sassaucin ko kaɗan. Takardar da ya karɓo za ta iya tsare shi daga katafila, amma ba ta halatta masa taƙi ɗaya na hanyar Musulmi ba, kamar yadda hukuncin alƙali ba ya halatta wa mai shaidar zur dukiyar da ya ci.

Ku kuma ma'aikatan da aka danƙa wa hatimi, ku sani amana ce a wuyanku. Lokacin da wani ma'aikacin zakka ya dawo ya ce wannan na baitulmali ne, wannan kuwa kyauta aka ba shi, Annabi (S.A.W.) ya hau mumbari ya yi faɗa, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ba wanda zai kawo masa kyautar. Wanda ya sa hannu a kan gini bai je ya gani ba, in ginin ya kashe rai yana da kamasho a cikin jinin. Wajibi ne kuma a kan gwamnati ta sauƙaƙa: ta rage kuɗin ga mai ƙaramin gida, ta yanke wa'adin da za a ba mutum amsa, ta tanadi zanen gidaje na bai ɗaya wanda talaka zai ɗauka ba tare da biyan mai zane ba, ta auna sababbin unguwanni tun jama'a ba su cika su ba, ta kuma fara aiwatar da doka a kan manya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Akwai kuma wata magana da ta shafe mu mu masu wa'azi. Sau da yawa akan datse rabin titi a kafa masallaci, in hukuma ta yi magana a ce tana yaƙi da addini. Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai abu mai tsarki, kuma kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Bai kamata ɗakin Allah ya zama shi ne abin cutarwar ba. Masu niyyar wannan alheri su nemi fili na halal, su karɓi izini kamar kowa, ladansu ya cika.

Daga ƙarshe, ɗan'uwa mai shirin gini, kafin ka kira birkila ka kira maƙwabtanka ku tsaya a kan iyaka, ka nuna musu inda indararonka zai zuba da inda tagarka za ta kalla. Jibrilu bai gushe ba yana yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. Sa'an nan ka bi ofis ka karɓi takardarka, ka kuma gina abin da aka amince da shi, ba ƙari ba ragi. In an ɓata maka lokaci ka yi haƙuri ka kai ƙara gaba, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Gidan nan za ka bar shi wata rana, magada su raba, amma tambayar yadda aka gina shi kai kaɗai za ta jira.

Allah ya ba mu ikon tsare haƙƙin juna, ya shiryi shugabanninmu, ya sa gidajenmu su zama wuraren natsuwa da ambatonsa. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.