Awon Garin da Babu Shi

A Amurka da Turai akwai wani wasa da ake yi a kan tebur, kayan aikinsa baki ne da takarda da fensir, sai 'yan ƙwayoyin jifa irin na ludo, wasu masu fuska shida, wasu har ashirin. Wanda ya fi suna a cikin irinsa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa ya ɗauki wani gwarzo na ƙage ya zama bakinsa: wannan mayaƙi, wancan boka, wancan kuma ɓarawo. Mutum ɗaya ne ba ya ɗaukar gwarzo. Shi ne jagoran wasa, duniyar labarin duka a kansa take. Shi zai ce ga daji, ga kogi, ga birni, ga abin da mai gadin ƙofa ya faɗa.

Birnin nan shi ne abin kallo. Jagora zai kwana yana zana shi a takarda mai gidaje-gidaje. Ya ja ganuwa da baƙin alƙalami, ya buɗe mata ƙofofi, ya dasa fada a kan tudu, ya ajiye kasuwa a tsakiya, tashar jiragen ruwa a kudu. Ya raɗa wa kowace unguwa suna. A gefen takardar ya rubuta: mutum 20,000. Aiki ya yi kyau, har ranar da wani ɗan wasa zai ɗago kai ya ce, “Ina ƙofar arewa, dogarai na bina. In na zura da gudu, zan kai tasha kafin jirgi ya tashi?” Sai jagora ya ƙura wa taswira ido. Komai na ciki, har da rijiyar bayan fada, amma babu abin da ke nuna ko faɗin yatsa ɗaya taku ɗari ne ko taku dubu. Garin da bai taɓa wanzuwa ba ya zo yana neman a auna shi.

Yadda masu wannan wasa ke fita daga wannan tarko yana da ban sha'awa. Ba sa farawa da ganuwa, da mutane suke farawa. Wani marubucin wasanni, S. John Ross, ya yi wata 'yar maƙala mai suna Medieval Demographics Made Easy wadda ta daɗe tana yawo a hannunsu. A ciki ya ba da ma'auni mai sauƙi: birnin Turai na zamanin da, kafin injina, yakan ɗauki kimanin mutum 150 a kowace hekta. To, a raba 20,000 gida 150. Abin da zai fito hekta 133 ne da 'yan kai, wato murabba'in kilomita ɗaya da sulusi. In garin zagayayye ne, daga ƙofa zuwa ƙofar da ke fuskantarta kilomita 1.3 ne kawai, ganuwar duka kuma ba ta wuce kilomita huɗu da kaɗan ba. Mai tafiyar ƙasa da ke cin kilomita biyar a awa zai ratsa shi cikin kusan minti goma sha biyar. Wanda dogarai ke bi kuwa, kafin a tafasa shayi ya isa tasha.

Nan jagora yakan ji ba daɗi. Birnin da yake gani a zuciyarsa, mai hasumiyoyi da lunguna da asirai, ashe bai fi wata unguwa guda ta biranen yau ba. Amma tarihi yana bayan lissafin. Tsohuwar ganuwar Landan, wadda Rumawa suka gina, hekta 130 ko kusa da haka ta zagaye, kuma masana da yawa na ƙiyasta mutanen garin a wajejen shekarar 1300 da kusan 80,000, cunkushe gida kan gida, har sun tumbatsa bayan ganuwa. Mutumin da ƙafa ce motarsa ba ya gina garin da zai wuni yana ratsawa.

Ross ya ƙara da jerin sana'o'i, wanda ya samo asali daga rajistar harajin Faris ta 1292: mai ɗinkin takalma ɗaya ga kowane mutum 150, wanzami ɗaya ga 350, masaukin baƙi ɗaya ga 2,000. Wato a garin jagoranmu akwai masu takalma fiye da 130, kuma a taswirarsa ko rumfar ɗaya bai zana ba.

Sai dai ganuwa ba ta cika faɗin gaskiya ba, kuma ba sai an je Turai za a ga haka ba. Da Baturen nan Hugh Clapperton ya shiga Kano a 1824, ya ƙiyasta zagayen badala da mil goma sha biyar, mazauna kuma tsakanin 30,000 da 40,000, ya kuma lura cewa gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin da ke ciki ba, saura gonaki ne da lambuna. Da za a bi ma'aunin Ross a makance, da an ce Kano ta lokacin ba ta buƙatar ko kashi ɗaya cikin goma na filin da ta killace. Amma magabata ba wauta suka yi ba. Sun san ranar da maƙiyi zai yi wa gari zobe, mutanen karkara za su kwararo ciki da iyalansu da dabbobinsu, kuma dole a sami inda za a shuka abin kaiwa baki. Rum kuma tata ta sha bamban. Ganuwar da Sarki Aurelian ya fara a 271, mai tsawon kilomita 19, an yi ta ne don babban birni. Da mutane suka ragu zuwa 'yan dubbai goma-goma, sai ta zama rigar da ta fi mai ita, har dandalin da a da ake yanke hukuncin daula ya koma makiyayar shanu. Fili ne a cikin ganuwa a duka biyun, amma na Kano tanadi ne, na Rum kuwa saura ne. Wanda ya ga taswira kaɗai ba zai bambance su ba.

Lissafi na ƙarshe shi ne wanda ya fi kama hankali. Mutanen nan 20,000 suna ci. A ma'aunin Ross, murabba'in mil ɗaya na ƙasar noma, da hanyoyinta da ƙauyukanta da makiyayarta, yana ciyar da mutum 180. A sake rabawa: murabba'in mil 111, kusan murabba'in kilomita 290. Ya ninka filin birnin fiye da sau 200, kuma ba a ma ƙidaya cikin manoman da za su nome shi ba, alhali su ma sai da ruwan ciki suke jan na rijiya, kuma a wancan zamani sun fi 'yan birni yawa nesa ba kusa ba. In aka zana komai da ma'auni ɗaya, birnin zai zauna kamar goro guda a tsakiyar faifai. Jagora ya cinye takardarsa duka a kan goron.

Haka Allah Ya tsara abin. Kowane ciki da ke birni akwai wata kunya a wata gona da aka yanka masa, ko ya taɓa ganinta ko bai taɓa ba. Ƙasa ba ta ba da fiye da abin da aka ɗora mata, jaki ba ya wuce zangonsa, sa mai jan amalanke kuma in tafiya ta yi nisa sai ya cinye kimar abin da ya ɗauko. Shi ya sa manyan birane a da suka rungumi kogi ko teku, shi ya sa Rum ta rayu da alkamar Masar da Arewacin Afirka da jirage ke saukewa a bakin kogin Tiber. Abin mamaki, ko a wasan da boka ke iya kiran wuta daga sama, 'yan wasa za su yarda da dodo mai fuka-fukai ba gardama, amma in aka ce ga birnin mutum miliyan a tsakiyar hamada, ba kogi ba gona, sai wani ya tambaya, “Me suke ci?” Hankalin ɗan Adam yana haƙura da ƙarya iri-iri, ban da wadda ta taɓa tukunya.

Mutum ma haka yake zana kansa. A tambayi wanda ya kai wani matsayi yadda aka yi ya kai, zai ja ganuwa ya nuna abin da ke ciki: karatunsa, wayonsa, daren da bai runtsa ba. Duk gaskiya ne, kamar yadda fada da kasuwa gaskiya ne a taswira. Amma ina uwar da ta sayar da akuyarta, ina malamin da ya haƙura da taurin kansa, ina yaron shagon da bai taɓa ɗaukar sisi ba, ina matar da ta riƙe gida shekaru ba a ji kanta ba? Ba mugunta ce ke sa a bar su a waje ba. Takardar ce ta ƙare, don an fara zanen daga tsakiya, an kuma yi shi da girma. Akwai kuma mai ganuwa irin ta Rum, sunan gidansu da rawanin kakansa sun zagaye fili mai faɗi, amma in ka leƙa ciki sai ciyawa. Akwai mai irin ta Kano, wanda za ka ga kamar yana ɓarnar wuri, lokaci a sake, hannu a sake, ɗaki guda kullum a share ba kowa, sai ranar da wahala ta koro dangi a gane abin da aka bar filin domin shi.

Wasu masu tsara waɗannan duniyoyi sun gane haka. Waterdeep, birnin da Ed Greenwood ya ƙaga a duniyar Forgotten Realms, a littafin wasan na 2001 an ba shi lamba biyu: kimanin mutum 130,000 a cikin birni, fiye da miliyan ɗaya kuma in aka haɗa da ƙasar da ke kewaye da shi.

Jagoran da ya yarda ya ɗauko takarda ta biyu ya zana abin da ke bayan ganuwa, wasansa ma yakan canja. A ce kowane mutum rabin kilo na hatsi yake ci a rana. Tan goma ke nan, buhu 100 masu kilo ɗari-ɗari, kullum ta Allah, ban da itacen girki da gishiri da dabbobin yanka. Dole su bi ta wata hanya, su haye wata gada, su yi layi a wata ƙofa tun asuba, wani ya karɓi kuɗin shiga, wani ya ci rabonsa a ɓoye. 'Yan wasan da suka yi wata da watanni suna neman takobin tsafi don su kawar da azzalumin sarki, ba a jimawa ɗayansu zai ɗora yatsa a kan gadar ya tambayi jagora mutum nawa ke gadinta, kuma rumbunan fada na kwana nawa ne.