Tsohuwar Bindiga, Ado Ce Ko Shaida?

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu a nan Ajingi, tana da wani tandun kwalli wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Na tagulla ne, tsawonsa bai fi yatsa ba, murfinsa na murɗawa ne, ga kuma ɗan tsinke manne da murfin, da shi ta ke ɗibar kwallin. Ran nan jikanta ya kawo mini shi makaranta, wai in karanta masa abin da ke gindinsa. Da na duba sai na ga wata 'yar alama, zane uku sun haɗu wuri guda kamar kan kibiya. Nan da nan na gane ashe ba tandu ba ne. Kwalbar mai ce ta bindigar soja, wadda a ke ɓoyewa cikin wani rami a gindin ƙota, kibiyar nan kuwa ita ce shaidar da gwamnatin Ingila ke bugawa a kan kayanta. Mahaifin tsohuwar yana cikin sojan ƙasar nan da aka kai yaƙin Bama, da ya komo bayan an gama yaƙi a 1945 sai ya zo da ita. Mai ya ƙare, kwalli ya shiga.

A gidan nan kuma akwai wata bindigar toka rataye cikin soro, ta kakan kakansu, tsatsa ta cinye bakinta, an ɗaure tsagewarta da fata. Ita ce ta tayar da gardama. Babban ɗa ya ce a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, su auna ta a sikeli a huta. Ƙanensa ya ce a'a, a kai wa maƙeri ya gyara, don zamani ya lalace. Wani baƙo daga birni, mai sayen tsofaffin kaya, ya taya ta da kuɗi masu auki, ya ce zai goge ta ya kafa a bangon ɗakinsa. Tsohuwa kuwa ta ce kada kowa ya taɓa. Da abin ya ƙi ƙarewa suka ce a tambayi malam. Na ce su yi mini uzuri in yi tunani, don na ga maganar ta fi ƙarfin gida guda. Watau tambayar ita ce: ya dace mutum ya adana abin da aka ƙera don kisa, ya riƙa dubansa yana sha'awa?

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san abin da masu wannan sha'awa ke yi. A Ingila da Amurka akwai mutane da yawa waɗanda ke tara tsofaffin bindigogin da soja suka daina aiki da su, da banatinsu, da kubensu, da maratayinsu, har da irin 'yar kwalbar nan. Ilmi ne sosai gare su, suna karanta jikin bindiga kamar yadda almajiri ke karanta allo. In suka ga kambi da haruffan V.R. sun san ta zamanin Sarauniya Biktoriya ce, kamar Martini-Henry wadda sojan Ingila suka fara riƙewa a 1871, mai cin harsashi ɗaya ɗaya. In G.R. ne, to, ta zamanin Sarki Joji ce, kamar yawancin Lee-Enfield mai cin harsashi 10, wadda aka yi manyan yaƙoƙin duniya biyu da ita. Sunan maƙera yana nan, ko Enfield, ko Ishapore ta ƙasar Indiya, ko Lithgow ta Ostireliya, da shekarar ƙira. In kibiya biyu suka haɗa kai, alama ce gwamnati ta sayar da ita, ta fita hannun soja. Suna kuma gwada lambar da ke jikin ƙarfe ɗaya da ta ɗaya, su gane ko haihuwarsu ɗaya, ko kuwa haɗe-haɗe aka yi daga baya.

Da wannan ilmi na duba ta soro. A jikin ƙarfen da kunama ke zaune akwai kambi da kalmar TOWER. Wanda bai sani ba sai ya ce ta sarkin Ingila ce. Amma maƙeran Bamingam da na Liyej ta Beljiyam sun ƙera bindigogi masu araha ba iyaka don kasuwar Afirka, da yawa kuwa an buga musu irin wannan tambari don su yi farin jini, alhali ba su taɓa shiga hannun soja ba. Ƙotar kuma sassaƙar gida ce, an yi mata ƙusoshin tagulla, an rataya mata laya. Ashe bindiga guda ta haɗa maƙerin Turai, da fataken da suka hau da ita daga bakin teku, da masassaƙin ƙauye, da malamin da ya rubuta layar. Wane littafi ne zai gaya wa yaro wannan a taƙaice haka? Gani ya kori ji.

Labarin bindiga a ƙasar Kano kuwa ba na jiya ba ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi, Babba Zaki kuma, daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. A basasar da ta tashi a 1893, sa'ad da Yusufawa suka fita suka yi sansani a Takai, ƙasar Gaya na cikin wuraren da wutar ta ci, ɗan'uwa ya harbi ɗan'uwa. Kafin nan, a 1890, ƙasashen Turai sun yi taro a Burasal sun ɗaure alkawari kada a sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigar zamani, sai mai ƙanƙara da albarushi. Sun ce don hana cinikin bayi ne. Amma ran 3 ga Fabrairu, 1903, da Kanar Molan ya tsaya bayan ganuwar Kano da soja fiye da 700, da igwa, da bindiga mai ruwa, aka ga ɗayan amfanin alkawarin. Cikin watan nan kuma Waziri Ahmadu da jama'arsa suka kwanta a Kwatarkwashi. Abin da ya fi ciwo, da yawa cikin masu riƙe da bindigogin nan da Hausa su ke magana.

To, ga hujjar masu cewa a narkar, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da ya mai da mata gwauraye, ya bar yara marayu, don me za a shafa masa mai a jingine shi wurin daraja? Yaro ba ya ganin marayun, ƙyallin ƙarfe ya ke gani, zuciya kuwa abin da ido ya saba sha'awa shi ta ke so. Suka ƙara da cewa mu mutanen ƙasar Gaya jikokin maƙera ne, don an ce daga Gaya maƙeri ya tashi ya tafi Dala neman tama, har aka yi Kano. Maƙeri kuwa ba ya barin ƙarfe ya zauna banza. A mai da ita fartanya, ta ciyar da gidan da ta taɓa tsoratarwa.

Na daɗe ina juya wannan magana, na ga tana da kyau amma akwai abin da ta manta. Narkar da bindiga ba ya narkar da halin da ya ɗana ta. Alƙur'ani mai girma ya gaya mana an saukar da ƙarfe, a cikinsa akwai cutarwa mai tsanani, akwai kuma amfani ga mutane, bai ɗora wa ƙarfen laifi ba. Ya kuma ba mu labarin Fir'auna, yadda aka tsamo jikinsa bayan ya nutse don ya zama aya ga na baya. Ba don a girmama shi aka bar shi ba, don a gani a ji tsoron Allah ne. Ashe akwai ajiya iri biyu, ajiyar ƙauna da ajiyar shaida. Alƙali ya kan ajiye wuƙar da aka yi kisa da ita, ba wanda ya ce yana son wuƙar. Mutanen da suka kawar da duk abin da ke tuna musu ranar baƙin cikinsu, 'ya'yansu sai su taso suna zaton yaƙi kirari ne da kalangu. Waƙar fada tana faɗin wanda ya ci, ba ta faɗin nauyin abin da aka ɗauka, ba ta nuna tsagewar da ta cire wa maharbi yatsu. Wannan sai ƙarfen da kansa.

Amma fa kada baƙon birni ya ce na ba shi gaskiya. Laifin da na ke gani ga yawancin masu tarawa shi ne sun san rabin karatu sun tsaya. Mutum ya san maƙerar da aka yi bindiga, da shekarar, da ma'anar kowane harafi, in ka tambaye shi wa aka auna da ita sai ya yi shiru, ko ya ce wannan ba fagensa ba ne. Ya san ranar haihuwarta, bai san ranakun da ta yi aiki ba. Kuma da zarar ya ɗauke ta daga soron nan, ya kankare tsatsar, ya yanke fatar, ya jefar da layar don ta yi kama da ta cikin hoto, ya shafe duk abin da ya sa ta zama tamu. Sai ta koma ƙarfe mai tsada, bebiya, ba ta da dangi. Shaidan da aka raba da shari'arsa ba shaida ba ne kuma, ɗan kallo ne. Saboda haka na ke cewa, wanda zai koyi tambarin bindiga wajibi ne ya koyi sunan garin da ta yi kuka a kansa. In ya ƙi, sha'awarsa ba ilmi ba ce, kwaɗayi ne da ya sa rigar malanta.

Saura ƙanen da ya ce a gyara, shi ne maganarsa ta fi ba ni tsoro, don ita ce ta fi kama da hankali. Ba na zarginsa, kowa ya san abin da ya sami ƙauyuka a Zamfara da Katsina. Ku duba yadda kalma guda ta juya. A zamanin Babba Zaki 'yan bindiga su ne masu tsaron sarki, har yau ma su ne ke cika gari da hayaƙi ranar hawan salla yara na murna. Amma in ka ji an ce 'yan bindiga sun zo, ba wanda zai fita kallo. Duk da haka ƙarfen da tsatsa ta ci shekara fiye da ɗari, in aka ɗura masa albarushi, mai shi ya kan fara ci. Kuma doka ba ta bar abin ga son ran kowa ba. Dokar makamai ta 1959 ta ce ko bindigar toka sai da lasin, bindigar soja mai harsashi .303 kuwa, irin wadda aka je Bama da ita, tana cikin waɗanda aka haramta wa mutum ya riƙe. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, don bai sani ba ko Shaiɗan zai fizge hannunsa. Tsohuwar bindiga tana zama malama ne muddin bakinta a toshe ya ke. Ranar da aka buɗe shi ta bar aji, ta koma tsohuwar sana'arta.

Da na koma gidan, ga abin da na ce musu. Kada a sayar, kada a narkar, kada a gyara. A sanar da hukuma tana nan. A zaunar da tsohuwa tun tana da rai, a rubuta duk abin da ta ji daga iyayenta, wa ya saye ta, da me, wane yaƙi ta gani ko wane daji, har abin da ba daɗin ji kada a ɓoye. A ɗaura takardar a jikinta. In gida ba zai iya riƙo ba, akwai Gidan Makama a Kano inda a ke adana kayan tarihi, yaran makaranta na zuwa gani. Babban ɗa ya ce, “Malam, ka hana mu kuɗi, ka hana mu makami, ka bar mu da takarda.” Na ce haka ne, amma kuɗin kwana nawa za su yi?

Tandu kuwa na mayar wa mai shi. Na gaya mata asalinsa, ina tsammani za ta tsorata. Sai ta yi murmushi ta ce, “Ɗan nan, ai na sani. Baba ya ce abin da ya gani can ba na faɗi ba ne, wannan kaɗai ya ga ya kamata ya shigo da shi gida.” Ta murɗe murfin ta sa kwallinta.

Jama'a, kowa ya leƙa soron gidansu da rumbun kakansa. In ya sami irin wannan kada ya yi gaggawa, ya fara tambayar tsofaffi tun ba su tafi da amsar ba. Waiwaye adon tafiya ne. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa bindigar da jikokinmu za su sani ita ce mai tsatsa. Amin.